Masu lalurar bayan ido a Legas, yaya kuke gane gani ya canza?

Tela daga Agege:
Assalamu alaikum. Ina so masu fama da lalacewar ratina, shimfiɗar nan ta bayan ido mai ɗaukar hoto, mu ji ta bakin juna. Ni a kan keke abin ya bayyana. Ina ɗinka wata shadda sai na ga layin zare ya lanƙwashe a tsakiya. Na farke na sake, haka dai. Yarona ya ce, "Maigida, ai ɗinkin a miƙe yake." Da na rufe idon dama da tafin hannu sai ga wani tabo toka-toka daidai inda allura ke sauka. Ashe na daman ne yake rufa wa na hagun asiri tun ban sani ba. Likita ya ce tsakiyar ratina ce, makula, wasu jijiyoyin jini ke tsiyayar da ruwa a ƙarƙashinta. Yanzu allura ake min a cikin ido, da farko wata-wata. Ana ɗiga maganin kashe zafi tukuna, tsoronta ya fi ta ciwo.

Hajiya daga Idi-Araba:
Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Tawa ma ta makula ce, sai dai busasshiyar ce, marar tsiyayar ruwa, wadda ke cin gani a hankali, amma an gargaɗe ni tana iya juyewa irin taka. Takardar Amsler na liƙa a ƙofar firij, mai layuka kamar littafin lissafi da ɗigo a tsakiya. Kowace safiya na sa tabarau na karatu, na matso kamar tazarar karanta littafi, na rufe ido ɗaya na kafe ɗigon da ɗayan, sannan na sauya. Layi ya karkace ko wani gida ya ɓace, ba na jiran ranar da aka rubuta min. Wanda bai da takardar ya duba tayil ko ƙarfen taga. Ni a sashen ido na LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, ake duba ni, tun da asuba nake sammako. Kada ku je ku kaɗai, domin maganin buɗe ƙwayar ido na sa gani dishi-dishi na sa'o'i, ga ranar Legas kamar ta tsone maka ido.

Ɗan Mile 12:
Hajiya, ni takardarki ba ta kama nawa sosai. Dundumi gare ni tun ina makarantar allo, na gado ne, kawuna ma haka ya yi. Tsakiya tar nake gani, gefe ne ke rufewa kamar mai leƙe ta bututu. Da kwandunan tumatir nake aunawa: bana na fi bara tuntuɓe da su. Na ajiye babur, titin Ikorodu kuma sai ta gadar sama. Ana kiran magariba ina gida. Duk da an ce babu maganin da zai dawo da abin da ya tafi, ina zuwa duk shekara, saboda masu irin nawa yanar ido kan fito musu, ko kumburi a makula, su kuwa ana maganinsu.

Maman 'yan biyu, Obalende:
Don Allah a guji maganin kwalba na bakin tasha. Wani ya sayar wa mijina wai yana wanke ido, kwana uku idon na ja yana ruwa. Abin da ke can baya, ina ruwan ɗigo zai kai?

Wani ɗan'uwa daga Alaba Rago:
Babanmu da ganinsa ya yi ƙasa sai ya fara ganin wasu 'yan mutane ƙanana a kan darduma, wani lokaci furanni a bango. Ya ɓoye mana watanni, yana tsoron a ce ya taɓu. Da muka ji sai muka kama neman mai ruƙiyya. Likitar ido ce ta ce sanannen abu ne, ƙwaƙwalwa ke cike gurbin hoton da ido ya daina aiko mata, kuma wani mutumin Suwizalan, Charles Bonnet, ya bayyana shi tun 1760 a kan kakansa. Baba ya yi dariya ya ce to baƙin nasa su zauna.

Hajiya daga Idi-Araba:
Na manta ɗaya. Walƙiya a gefen ido, ko baƙin ɗige-ɗige su yawaita farat ɗaya, ko duhu ya sauko kamar labule, wannan ranar za a tafi asibiti, ratina ce ke iya ɓallewa. Masu sigari kuma su yi wa Allah su bari.

Tela daga Agege:
Na gode Hajiya. Takardar nan, in na sa aka buga min a shagon kwamfuta za ta yi?