Hatsi a Kasuwa, Yunwa a Gida: Musayar Waƙa Daga Zazzau

Baba Na-Tudun-Wada

Assalamu alaikum 'yan zaure. Wannan makon kowa ya kawo tunanin wani masani da ya taɓa hana shi barci. Ni na Amartya Sen na riƙo, masanin tattalin arziki ɗan Indiya, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1998. Amsa-amona "wa". Mai amsawa ya zaɓi nasa, zube dai kaɗan.

Da sunan Mai ciyar da tsuntsu a sama,
Mai ciyar da kifi can ƙasan ruwa.

Mun taso ana ce mana fari ke kisa,
In sama ta ƙi, sai a jira yunwa.

Wani yaro a Bengal, shekararsa tara,
A 1943 ya ga ana ta mutuwa.

Miliyan biyu ko uku suka tafi,
Ya girma abin na cinsa a ƙwaƙwalwa.

Ya koma ya tone lissafin shinkafa,
Wadda aka girbe da wadda ake kawowa.

Ya ce ta 43 ta fi ta 41,
Alhali a 41 babu mai faɗuwa.

Yaƙi ne ya zuba kuɗi a Kalkata,
Farashin shinkafa ya dinga hauhawa.

Ɗan ƙodago, masunci, har da wanzami,
Ladansu na jiya ne, babu ƙaruwa.

Su suka zube a ƙofar shaguna,
Ga buhu a jibge, ba halin tayawa.

Ya ce yunwa ba ta jiran rumbu ya ƙare,
Ikon saye ya karye, sai ga ta da zuwa.

To 'yan Zazzau, masara ta cika Giwa,
Don me tukunyar wani ke kwana ba ɗorawa?

'Yar Samaru

Allah ya ƙara girma, Baba. A yi mini afuwa, ɗalibar aikin gona ce ni, ba zan iya shiru ba.

Baba na ji Sen, ban musa masa ba,
Amma a ba da haƙƙin masu binciken noma.

Malthus a 1798 ya buga lissafi,
Ya ce ɗan Adam zai ƙare da fama.

Haihuwa na ninki, biyu, huɗu, takwas,
Gona na rarrafe, ɗaya, biyu, da ƙyar ma.

Wa ya ɓata masa lissafin? Haber na Jamus,
A 1909 ya sauko da taki daga sama.

Kashi 78 na iska naitirojin ne,
Ya ɗaure shi da haidirojin, Bosch ya gama.

Yuriyar da ake rububi a Sabon Gari,
Jikanyar aikinsu ce, ta tudu da fadama.

Borlaug a Meziko ya gajarta kara,
Kar nauyin zangarniya ya kayar da alkama.

Nan Samaru tun 1922 ake gwaji,
Masara, dawa, gyaɗa, auduga kuma.

Waken SAMPEA 20-T ya fito a 2019,
Tsutsar da ke huda kwanso ba ta da dama.

In babu hatsin, Baba, me za a raba?
A cika rumbun tukuna, sannan a yi zama.

Alhaji Mai Awo

Na ga inda aka dosa. Duk waƙar yunwa a kan ɗan kasuwa take sauka, gara in riga ku.

Ku ce ɓoyo, ni ajiya na sani,
Da kaka nake saye in zuba jari.

Manomi da ƙafarsa yake zuwa guna,
Ga bashin taki, ga auren 'yar fari.

Ran nan in ban saya ba, wa zai saya?
Kowa ya kawo, hatsi ya cika gari.

Ni ke biyan sito, ni ke biyan dako,
Ni ke kwana ina yaƙi da ƙwari.

Tun Mayun 2023 da tallafin mai ya tafi,
Direba in ya faɗi kuɗi sai ka yi tari.

Kowane shinge a hanya sai an miƙa,
Ɗari biyar nan, can gaba wata ɗari.

Adam Smith ma a 1776 ya kare mu,
Ya ce tsadar wuri ke sa a ci da tsari.

Hatsin da na killace a watan Nuwamba,
Shi ke ceton ku a Yuli, ku yi nazari.

Malam Na-Ƙofar-Doka

Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Ba da kai nake ba, sai fa in ka tsargu.

Ajiya ba laifi, Annabi Yusufa ya yi,
Shekara bakwai yana tara abinci.

A zangarniyarsa ya ce a bar hatsin,
Da fari ya zo ya buɗe cikin adalci.

Amma mai rufe sito yana jiran kuka,
Muslim ya ruwaito laifinsa, ba sassauci.

Shekarar Toka, hijira na da 18,
Madina ta shiga fari da ƙunci.

Umar ya haramta wa bakinsa man shanu,
Har sai talaka ya samu ya ci.

Ya rubuta wa gwamnoni, ayari ya taso
Daga Sham, raƙuma ɗauke da abinci.

Bai yanke hannun wanda yunwa ta kora ba,
Ya san uzurin da ke cikin talauci.

Ibnu Khaldun ɗan Tunis, a 1377,
Ya ce abin da ke rushe gari zalunci.

Ya ce sarki in ya shiga saye da sayarwa,
Ya kashe talaka, ya kashe kasuwanci.

Kun ga tun kafin Sen da ƙarni shida,
An san yunwa na da hannun shugabanci.

Alhaji Mai Awo

Allah ya gafarta Malam, ban tsargu ba.

Ka karanto mini Yusufa, ka karanto Umar,
Dukansu masu mulki ne, ba 'yan sari.

A tambayi rumbun hukuma ina ya kwana,
Kafin a zo kan sitona na Sabon Gari.

Baba Na-Tudun-Wada

Malam da Alhaji sun kai ni inda nake so. Ga kashi na biyu na tunanin Sen, shi ne ma ya fi jawo gardama.

Ya ce duk ƙasar da ake zaɓe na gaske,
Jarida na faɗin abin da take ganowa,

Ba a taɓa babbar yunwa cikinta ba,
Don mai kujera na tsoron faɗuwa.

Indiya tun 1947 ba ta maimaita Bengal ba,
Sin daga 1959 zuwa 61 ta sha mutuwa.

Miliyoyi, jami'ai na aika rahoton ƙarya,
Babu jaridar da ke da bakin tonawa.

Ɗan Tarihi

Baba, da izininku. Mu a sashenmu na tarihi marigayi Dakta Bala Usman ya bar mana gadon tuhumar kowace majiya, komai girman mai ita.

Baba, maƙwabtanmu Nijar a 2005,
Zaɓaɓɓe ke mulki, ba gwamnatin soji.

Fara ta ci, ruwa ya ɗauke da wuri,
Yaran Maraɗi na ramewa, birni da daji.

Gero na kasuwa, kuɗinsa ya gagara,
Shugaba Tandja ya ce ba yunwa, ƙage ake ji.

Nan Sen na farko ya ci, na biyu ya raunana,
Ƙuri'a kaɗai ba ta tsallake gwaji.

Mu dawo gida, yunwar Kakalaba ta 1914,
Aka sayar da akuya, aka sayar da kaji.

Fari an san shi tun kafin Bature,
Sabon abu shi ne tsabar haraji.

Michael Watts ya zauna a ƙasar Katsina,
A 1983 ya fitar da abin da ya ji.

Da, zakkar hatsi rumbun sarki take kwana,
A buɗe ta ran tsanani ta zam agaji.

Bature ya ce sai kuɗi, kuma a kan kari,
Manomi ya kwashe rumbu ya kai wa su Alhaji.

Sen da kansa ya yarda akwai wata yunwar,
Ta kullum, marar hoto, wadda ba a ji.

Ita zaɓe bai kore ta a Indiya ba,
Ita ke zaune da mu, shiru kamar maciji.

Ƙanwata kuma, Haber ɗin naki a 1915,
Shi ya saki iskar guba a kan soji.

Mai Zane

Ni ba ruwana da mudu. Amma na ga ana ta jero sunayen ƙetare, bari in tuna muku abin da aka yi a garin nan.

A 1958 ɗaliban zane a nan Zariya,
Suka yi wa manhaja tawayen tunani.

Uche Okeke, Grillo, Nwoko, Onobrakpeya,
Suka ce a karɓi burushi, a riƙe namu launi.

Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo,
Ya haɗa da abin da ya koya na zamani.

Kafin su, masallacin Juma'a na birni,
Durugu ya ɗaga bakansa, Babban Gwani.

Ƙasa da azara kawai, babu siminti,
Masana sun daɗe suna zuwa kallon gini.

To Sen da Malthus a dama su da ruwan Kubanni,
Kafin a shafa mana, a gwada amfani.

'Yar Samaru

Yaya Ɗan Tarihi, na Haber haka yake, takin da gubar duk hannu ɗaya ya yi su. Yaya Mai Zane kuma ka tuna mini da wani abu da ake koya mana.

David Norman a shekarun 1960,
Ƙauyukan Hanwa, Doka, Ɗan Mahawayi ya yi zama.

Lokacin jami'an gona na kiransa jahilci,
A haɗa gero da dawa da wake a noma.

Ya auna gonaki, ya ƙirga kwanan aiki,
Ya ga haɗin ya fi riba, ya fi kuma

Tsare gida: in gero ya ƙi, dawa ta yi,
In duka sun ƙi, wake ya ba da dama.

Daga nan bincike ya koyi zuwa gona,
A tambayi mai ita kafin a ce an gama.

Hajiya Ta-Tudun-Jukun

Sannunku da ƙoƙari. Duk kun tsaya a kasuwa da fada da gona, babu wanda ya leƙo tsakar gida. Baba, Sen ɗin naku ai ya leƙo.

A 1990 ya sake wani lissafi,
Ya ce mata sun yi ɓatan dabo a duniya.

Fiye da miliyan 100 da ya kamata a gani,
Babu su, yawanci a nahiyar Asiya.

Ba yaƙi ne ya ci su ba, ba annoba ba,
A ci da magani ake fifita ɗa kan ɗiya.

To buhu ya shigo gida, Baba, an gama?
Wa ke rabo, wa ke kankare tukunya?

Kwanon maigida a fara, da tsoka a kai,
Na yara ya biyo, uwa ta ce ta ƙoshi don kunya.

Mai ciki ke ƙarshe, mai shayarwa ke ƙarshe,
Ran awo a ce jini ya yi ƙasa, Hajiya.

An ƙirga buhun Bengal, an ƙirga na Katsina,
Wa ya ƙirga lomar uwa a Zariya?

Alhaji kuma, tunda ajiya ka ce kake,
Ga Yuli ta kama, nawa ne tiya?

Alhaji Mai Awo

Haba Hajiya, a gaban jama'a?

Farashi ba ya shiga waƙa, uwar ɗakina,
Na safe daban, na yamma ya sake tsari.

Ki aiko yaro gobe da kuɗi a hannu,
Gyara na nan, amma ya zo da wuri.