Inji ya dawo daga garambawul, jirgi ya kama karkarwa

Mai Jirgin Fito: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Injina na dizal ne, silinda huɗu, irin wanda ke zaune cikin jirgi da sanda zuwa farfela. An yi masa garambawul, an sa sabbin fistin da zobba, an mayar da shi mako biyu da suka wuce. Bugu ɗaya yake tashi, ba hayaƙi, ba zafi. Amma da na ba shi wuta ya kai wajen juyi 1,800 a minti ɗaya sai jirgin ya kama karkarwa, har sifanar da na ajiye kan murfin inji ta dinga tafiya da kanta ta faɗo ƙasa. Da can ba ya haka. Wanda ya yi aikin ya ce injinsa lafiya lau, wai farfela ce, ni kuwa ko taɓa farfela ban yi ba. In mayar masa da injin ne?

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam. Kada ka sauke inji tukuna, ɗana. Ka ɗaure jirgin, ka bar giya a firi, ka ba shi wuta a hankali har 1,800 ɗin nan. Idan ya yi karkarwa a firi, laifin na inji ne ko kujerun roba da yake zaune a kai, domin sanda da farfela ba sa juyawa a lokacin. Idan ya yi tsit sai ka sa giya, to ka bar bawan Allah ya huta, matsalar daga giyabos zuwa baya take. Ka gwada ka faɗa mana.

Yaron Gareji: Oga ni ina ganin nozul ne. Bayan garambawul sau da yawa silinda ɗaya ba ta ƙona mai daidai. Ka bar inji a silo, ka sassauta notin bututun mai na kowane nozul ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka sassauta muryar inji ba ta canza ba, shi ne mataccen.

Tsohon Bakanike: Dabarar gaskiya ce, amma ga tsohon inji mai famfon injekta na gargajiya. Sabbin nan masu kwamfuta kada wanda ya kuskura ya kwance bututu inji na aiki, ƙarfin man yana huda fata. Ko a tsohon ma ka rufa tsumma kan notin, ka kau da fuska. Kuma silindar da ba ta ƙonawa a silo ta fi nuna kanta, ga shi ya ce ba hayaƙi. Bari dai mu ji sakamakon firi.

Mai Jirgin Fito: Na gwada, Baba. A firi har 2,200 na kai, lafiya ƙalau, ɗan motsin da na saba da shi ne kawai. Ina sa giyar gaba na ƙara wuta sai ta dawo. A baya-baya ma akwai, amma ba kamar gaba ba.

Mai Nutso: To ai bakanikenka na iya yin gaskiya, ɗan uwa. Ba sai ka taɓa farfela take lalacewa ba. Igiya ko guntun raga ya naɗe ta, ko fiffike ɗaya ya ɗan lanƙwashe a kan wani itace, shi ke nan. Ka kashe inji, ka zare makulli ka sa a aljihunka, sannan a shiga a duba. A kama farfelar a jijjiga ta sama da ƙasa. In sandar tana wasa cikin bushin ɗin roba da ke riƙe da ita a ƙarƙashin jirgi, bushin ya cinye. Minti goma ya isa.

Hajiya Mai Jirage Biyu: Malam, ina da tambaya. A tudu aka ɗaura injin ko a ruwa? Na taɓa shan irin wannan wahalar. An saita mini inji da sandar farfela jirgi na kan katako a tudu, komai daidai, ana sauke shi ruwa saiti ya gudu. Jikin jirgi yana canza zama in ruwa ya ɗauke shi, musamman na katako. Sai da muka bari ya kwana biyu a ruwa da mai cike da tanki, aka sake saiti, sannan na samu lafiya. Kafin nan har farfela na canza a banza.

Mai Jirgin Fito: A tudu ne, Hajiya. Kuma kujerun injin guda huɗu duk sabbi aka sa. Mai Nutso, an shiga an duba ɗazu, farfela tas, sanda ba ta wasa.

Tsohon Bakanike: Hajiya ta taɓo inda ke ciwo. Saiti a tudu, ga sabbin kujeru, su kuma robarsu tana ɗan zama bayan nauyin inji ya hau ta. Ga yadda za ka auna da kanka.

Inda sandar farfela ta haɗu da giyabos akwai faranti biyu na ƙarfe da aka ɗaure da ƙusoshi. Ka kwance ƙusoshin, ka ja sandar baya ɗan kaɗan, ka goge fuskokin biyu sarai, ko tsatsa kada ka bari. Ka tallafi sandar da ɗan katako ta tsaya a tsakiyar raminta, domin in ka sake ta nauyinta zai sunkuyar da ita, ka yi ta auna ƙarya. Sai ka turo ta gaba. Leɓen farantin ya kamata ya shige ɗan uwansa ba tare da dole ba. In sai ka ɗaga ko ka danna, inji ya yi sama ko ƙasa ko gefe.

Sannan ka ɗauko siraran ƙarafan nan da ake saita bawul da su, ka zura tsakanin farantan a wuri huɗu: sama, ƙasa, dama, hagu. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce bambancin kada ya wuce 0.001 na inci ga kowane inci ɗaya na faɗin faranti. Faranti mai inci 4 ke nan 0.004, wato kusan milimita 0.1, kaurin takarda ɗaya. Ido ba ya ganin wannan, shi ya sa mai cewa ya duba da ido ya ga daidai ban cika sauraronsa ba.

Abin da mutane ke mantawa: bayan ka auna, ka juya sandar rabin zagaye ka sake aunawa. Idan tazarar ta tsaya inda take, zaman inji ne. Idan ta bi sandar ta koma ɗaya gefen, to sanda ta lanƙwashe ko farantinta ya karkace, kuma ko shekara za ka yi kana murɗa kujeru ba za ta gyaru ba, sai wajen masu injin sassaƙa ƙarfe.

Direban Jirgi: Ni dai da ni ne, in sa mahaɗin roba tsakanin farantan nan in huta. Na sa a nawa, shiru kake ji.

Tsohon Bakanike: Mahaɗin roba yana da amfaninsa, ƙanena, amma bayan an yi saiti. In ka sa shi kan karkataccen inji, kunnenka ne ya huta, boris ɗin giyabos da bushin suna nan suna ci. Masu ƙera shi ma cewa suke a saita tukuna.

Hajiya Mai Jirage Biyu: Ka kuma bi bututun salansa da hannu inji na kashe, ka ga ko an mayar da shi yana taɓa jikin jirgi. Ƙaramin abu ne amma yana sa bene rawa.

Mai Jirgin Fito: Jama'a na dawo. Na auna kamar yadda Baba ya ce. Farantina inci 4 ne. A ƙasa sun haɗe, a sama ƙarfen milimita 0.5 na shiga har da wasa. Na juya sanda, tazarar tana nan a sama. Sannan na tarar da notin ƙasa na kujerar gaba ta hagu a sake, da yatsa na juya shi, ashe a ƙafa uku injin yake zaune. Salansa ba ta taɓa komai, Hajiya.

Tsohon Bakanike: Madalla, sandarka lafiya. Tazara a sama na nufin gaban inji ya yi ƙasa. Ka fara murɗa saken notin nan har ya ɗauki nauyi, sannan ka ɗaga kujerun gaba biyu tare, kwata-kwatan zagaye, kana aunawa bayan kowane murɗi. In ka ga noti na neman ƙurewa a saman ƙusar kujerar, ka sauke shi ka sa faifan ƙarfe ƙarƙashin kujerar, domin ƙusar da inji ya hau can samanta karyewa take yi. Da ka ɗaure notin sama ka sake aunawa, ɗaurin kansa yana motsa saiti.

Mai Jirgin Fito: Ya ci mini yini guda, amma na sauko da shi ƙasa da milimita 0.1 ko'ina. Na fita gwaji har 2,400, sifana na zaune inda na ajiye ta. Saura ɗan kaɗan da nake ji a tafin ƙafa wajen 1,200, da na wuce nan sai ya ɓace. Allah ya saka da alheri, Baba.

Tsohon Bakanike: Amin, ɗana. Na 1,200 ɗin kada ya hana ka barci, ka dai guji daɗewa a wurin. Bayan aikin awa 50 ka sake kwance farantan ka auna, robar ba ta gama zama ba. Ka haɗa da duba tazarar bawul a ranar.

Yaron Gareji: Oga, wanda ya yi garambawul ɗin fa? Ka kira shi?

Mai Jirgin Fito: Na kira. Ya ce ai tun farko ya faɗa ba injinsa ba ne. Na ce haka ne, amma wa ya bar notin a sake? Har yanzu bai ba ni amsa ba.