Neman shawara: fannoni daban-daban a bincike ɗaya, mun fara samun saɓani

Mai tambaya

Assalamu alaikum malamai. Mu bakwai ne a wani bincike: likitan yara, likitan dabbobi, malamai biyu na ɗakin gwaji, malamar ƙididdiga, malamin nazarin zamantakewa, sai ni ɗalibar digiri na uku da aka ɗora wa kula da tafiyar aikin. Muna duba yadda ake ba kaji da yara magungunan kashe ƙwayoyin cuta a gida ɗaya, da ko ƙwayoyin da suka daina jin magani a kashin kaji irinsu ne a jikin yaran.

Wata huɗu da farawa, ga inda muke. A taro manya biyu ne ke magana, sauran sai gyaɗa kai. Mutanen ɗakin gwaji suna kiran aikin malamin zamantakewa "hira", shi kuma ya daina zuwa. Sakamakon gwaji yana kwamfutar mutum ɗaya, amsoshin gidaje suna ta wani. Sannan an fara maganar sunan wa zai zo farko a takarda, kuma wani babban malami da bai taɓa zama da mu ba ya aiko cewa kada a manta da shi. Ta ina zan kama?

Editan mujallar kimiyya

Wa alaikumus salam Malama. Ki fara da maganar sunaye, don ita ce ke watsa tawaga, kuma kun riga kun ɗan makara. Tun ran gini ran zane.

Tunda akwai likitoci a cikinku, mujallun da za ku nufa galibi suna bin ƙa'idar ICMJE, wato kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya. Sharuɗɗa huɗu ne, kuma sai mutum ya cika duka kafin ya zama marubuci. Na ɗaya, ya ba da gudummawa mai nauyi wajen tsara binciken, ko tattara bayanai, ko nazarinsu da fassara ma'anarsu. Na biyu, ya rubuta takardar ko ya yi mata gyara na ilimi, ba gyaran waƙafi da aya ba. Na uku, ya amince da kwafin ƙarshe. Na huɗu, wanda aka ƙara a 2013, ya yarda zai amsa tambaya idan aka yi shakkar wani ɓangare na aikin. Nemo kuɗi kaɗai, ko shugabancin sashe kaɗai, ko ba da aron ɗakin gwaji, duk wurinsu sashen godiya ne. Akwai kuma wata gaɓa da ake yawan tsallakewa: duk wanda ya cika sharaɗin farko, haƙƙinsa ne a ba shi damar cika sauran. Ba a hana mutum ganin daftari sannan a ce ai bai yi gyara ba.

Jerin sunaye kuwa, rigimarsa sau da yawa rashin sanin al'adar juna ce, ba mugunta ba. A likitanci da ilimin halittu, na farko shi ne ya yi mafi yawan aikin, na ƙarshe shi ne jagora, kuma matsayi ne na daraja. A lissafi da tattalin arziki an saba jera sunaye bisa haruffa. A nazarin zamantakewa galibi ana sauka ne daga mai babban aiki zuwa mai ƙarami, saboda haka wanda kuka sa a ƙarshe don girmamawa, shi yana ganin kun jefa shi wutsiya. Ki haɗa wannan da yadda jami'o'inmu da yawa ke ba na farko maki mafi tsoka wajen ƙarin girma, sai ki gane dalilin zafin.

Abin yi: bincike irin naku ba takarda ɗaya zai haifa ba. Ku zauna ku lissafa takardun tun yanzu, misali ta gwajin ƙwayoyin cuta, ta yadda ake sayen magani da ba da shi, da wadda za ta haɗa biyun. Kowace a rubuta wa zai jagoranci rubutunta, a wace mujalla, zuwa wane wata. Wadda ta fito daga kundin digirinki, sunanki ne farko, a rubuta haka ƙarara. Ku ɗauko tsarin CRediT, wato jerin nau'o'in gudummawa a bincike mai matsayi 14, kowa ya yi alama a kan abin da ya yi, a sabunta duk wata uku. Shafi biyu ya isa, kowa ya sa hannu.

Ki kuma sani, idan rigima ta tashi bayan an tura takarda, edita ba alƙali ba ne. Bisa jagorancin COPE, kwamitin ɗa'ar wallafa bincike, zai dakatar da takardar ya mayar da ku ga jami'arku. Ƙara suna ko cire shi bayan turawa sai kowane marubuci ya amince a rubuce.

Malamar ƙididdiga

Ni abin da ya fi tayar mini da hankali a bayaninki shi ne kwamfutoci biyun nan. Tambayarku gaba ɗaya ta dogara ne da haɗa kashin kajin gida kaza da samfurin yaron gida kaza da amsar matar gidan. Idan lambar da ke jikin kwalba ba ita ce a takardar tambayoyi ba, kuna da bincike biyu ne da ba su san juna ba, kuma babu dabarar ƙididdigar da za ta gyara wannan.

Gobe ki ɗauki gidaje ashirin ki gwada haɗa su. Idan ko biyu suka ƙi haɗuwa, a tsayar da fita fili sai an gyara. Lamba ɗaya ga kowane gida, sai harafi ya bambanta samfuri, kamar 047-K na kaza da 047-Y na yaro. A buga ta a takarda mai manne tun kafin a fita, don alƙalami yana gogewa a cikin kula mai ƙanƙara, 1 ta koma 7. Idan da KoboToolbox ko ODK kuke aiki, ku sa manhajar ta ƙi wucewa sai an shigar da lambar sau biyu.

Bayanai na tawaga ne, ba na wanda ya tara ba. A ajiye asalin fayil a wuri ɗaya da kowa zai iya gani amma ba mai taɓawa, duk gyara a yi shi a kwafi mai kwanan wata. Kwafi uku, a na'urori iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Takardar da ta haɗa sunayen mutane da lambobinsu kuwa a ware ta, mutum biyu kawai su riƙe. Kada hoton takardar amincewa ko sakamakon yaro ya shiga zauren WhatsApp. Bayanan lafiya suna cikin waɗanda Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta tsananta a kansu.

Malami a sashen nazarin zamantakewa

Kalmar "hira" ɗin nan ba ƙaramar magana ba ce, kuma maganinta ba wa'azi ba ne, a nuna wa mutanen ɗakin gwaji aikin. Sautin awa ɗaya yana cin awa huɗu zuwa shida kafin a mayar da shi rubutu, ban da fassara, ban da bin layi-layi ana ware ma'anoni. Idan suka ce mutum ashirin sun yi kaɗan, a bayyana musu cewa ba ƙirga mutane ake yi ba, ana ci gaba da tattaunawa ne har sabuwar magana ta daina fitowa.

Kuma su ne suka fi buƙatarsa. Babu kalma ɗaya da matan gida ke kiran wannan rukunin magunguna da ita. Ka tambayi uwa ko ta ba yaro maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta ce a'a, alhali jiya ta sayo kafso a kemis, ta kuma fasa irinsa a ruwan kaji. Da launi take saninsa ko da sunan ciwon. Shi ya sa masu wannan aiki ke tara kwalaye da sacet na magungunan da ake sayarwa a yankin su zuba a jaka, a baje wa mutum ya nuna wanda ya sani da wanda ya yi amfani da shi. Haka "zazzaɓi" ba lallai na cizon sauro ba ne, "sanyi" kuma ya ɗauki cututtuka da yawa, ita ma "shawara" da kike nema a nan, a bakin mara lafiya ciwo ce. Wanda zai warware wannan shi ne wanda ya daina zuwa taro.

Ku ware zama ɗaya, kowane fanni minti goma sha biyar, ya faɗi yadda yake gane cewa abu gaskiya ne da abin da hanyarsa ba za ta iya nunawa ba. Daga nan a rubuta ƙaramin ƙamus na tawaga. "Samfuri" wurin mai gwaji abin da ke cikin kwalba ne, wurin mai ƙididdiga adadin gidaje ne. "Bambanci mai muhimmanci" wurinta adadin gwajin ƙididdiga (p-value) ne da ya faɗo ƙasa da 0.05, wurin likita abin da zai sa ya canza magani ne.

Kada dai malamin ya ji labarin zaman nan a sanarwa. Jagoran binciken ya same shi ofis da ƙafarsa.

Masanin ƙwayoyin cuta

Ƙari kaɗan. Girmamawar ta bi ta kowane ɓangare. Masu fita fili su daina kawo samfuri da yammacin Juma'a ba sanarwa. A riƙe shi a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, ya iso cikin awa 24, a kuma faɗa mana adadi kwana biyu kafin nan don a haɗa farantan renon ƙwayoyin cuta. Sannan likitan mutane da na dabbobi su daidaita a kan ma'auni ɗaya na fassara sakamako, CLSI ko EUCAST, a rubuta bugun wace shekara. Iyakokinsu sun bambanta, ƙwaya ɗaya za ta iya fitowa mai jin magani a wannan, mai bijirewa a wancan.

Tsohon shugaban sashe

Duk abin da edita ya faɗa daidai ne, amma 'yata, kada ki ɗauki ƙa'idar nan ki shiga ofishin babban malamin da ita. Ke ɗaliba ce, gobe yana iya zama a kwamitin da zai saurari kundinki. Wannan aikin jagoran bincike ne. Ki kai masa takardar mujallar da ke neman kowa ya bayyana abin da ya yi ya sa hannu, ki ce ranka ya daɗe ga abin da suke nema, me za mu rubuta a gaban sunan Farfesa? Takardar ta yi maganar da ke ba za ki iya ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce a gayyace shi ya yi aikin da gaske. A tura masa tsarin nazari da daftarin farko, a ba shi mako uku. In ya karanta ya kawo abin da ya canza fassarar sakamako, ya cancanta, an huta. In shiru, sai a nemi izininsa a sa shi a godiya da kalmomi masu kyau. Yawancinsu da sun ga sharaɗi na huɗu, cewa za a tuhume su in an sami kuskure, da kansu suke ja da baya.

Taro kuma tsari ne ya gaza. A tura ajanda kwana biyu kafin zama. Shugabancin zaman ya riƙa zagayawa tsakanin fannoni. A fara jin ƙanana kafin manya, domin da zarar Farfesa ya yi magana ba ƙaramin da zai saɓa. Suka ta tsaya a kan hanyar aiki: "ta yaya wannan zai amsa tambayarmu?" ta fi "wannan ba kimiyya ba ce". Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma sai an iya faɗa. A rufe da wa zai yi me zuwa yaushe, ki tura cikin awa 24. Kuma a zaɓi mutum ɗaya daga wajen tawaga, wanda kowa ke jin nauyinsa, a rubuta sunansa a yarjejeniya tun kafin a buƙace shi.

Mai tambaya

Allah ya ƙara sani, na gode ƙwarai. Saura ɗaya. Matasa huɗu da ke shiga gidaje, da matar da ta fassara tambayoyin zuwa Hausa, ina matsayinsu? An ce tunda ana biyansu shi ke nan.

Editan mujallar kimiyya

Biya ba ya soke haƙƙin suna, su ma farfesoshin albashi suke karɓa. Tattara bayanai yana cikin sharaɗin farko. Wanda cike takarda kawai ya yi yadda aka tsara masa, a sa cikakken sunansa a godiya bayan an nemi izininsa. Wanda ya gudanar da tattaunawa, ya rubuta ta, ya zauna ana ware ma'anoni, ko fassararsa ta sa aka sake fasalin tambaya, a ba shi daftari ya karanta. In Turancin ya yi masa nauyi, a zauna a bi da shi da Hausa a rubuta gyaransa, ya cika sharaɗi na biyu ke nan.

Malamar ƙididdiga

Kuma in kun karɓi shawarar jakar magunguna ko kun canza tambayoyi, ku rubuta wa kwamitin ɗa'ar binciken lafiya da ya ba ku izini, ku jira amsarsa kafin ku koma fili. Bayanan da aka tara da takardar da ba a amince da ita ba, mujalla na iya ƙin karɓa. Ki duba ranar da izininku zai ƙare ma, galibi na shekara ɗaya ake bayarwa, ku kuma kun ci wata huɗu.