Neman shawara: wasan gaggawa yana gyara dogon wasa ko yana ɓata shi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na shekara biyu ina buga darar ces a Lichess, wani dandalin buga ta a intanet, kuma kusan duk wasannina na minti 3 ne da ƙarin daƙiƙa 2 bayan kowane motsi. Makina ya hau har na ɗauka hannuna ya faɗa. A watan jiya na shiga gasata ta farko a kan allo, inda aka ba kowa minti 90 da ƙarin daƙiƙa 30, sai na sha kaye a wasa huɗu cikin biyar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kowane wasa na tashi da fiye da awa ɗaya a agogona, kuma a wasa na uku na bayar da dokina a banza domin hannuna ya riga tunanina. Shin wasan gaggawar ne ya ɓata ni, in daina shi gaba ɗaya?

Amsar wani dattijo mai horar da yara:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ƙwarewa a wannan wasa abu biyu ce: gane yanayin allo da kallo ɗaya, da kuma zama a lissafa abin da zai biyo baya motsi bayan motsi. A 1973 wasu masu bincike, William Chase da Herbert Simon, sun nuna cewa gwani yana iya sake jera 'ya'yan dara bayan ya kalle su na 'yan daƙiƙoƙi idan daga wasa na gaske aka ɗauko jerin, amma idan aka watsa su barkatai, fifikonsa a kan ɗan koyo yana raguwa ƙwarai. Ma'ana, gwani yana da rumbu cike da siffofin da ya sani. Wasan minti uku ɗiba yake yi daga rumbun nan, dogon wasa da nazari kuwa su ne noman da ke cika shi, kai kuma shekara biyu kana ɗiba ba ka noma ba. Mikhail Botvinnik, wanda ya zama zakaran duniya a 1948 kuma ya horar da Garry Kasparov, an san shi da ƙyamar wasan gaggawa, kuma ni a kan ɗan koyo ina tare da shi. Ka ajiye shi wata uku.

Amsar wani matashi mai zuwa gasa:

Baba, a gafarce ni, ina ganin hukuncin ya yi tsauri. Bobby Fischer ya lashe gasar gaggawa ta Herceg Novi a 1970 da maki 19 cikin 22, bayan shekara biyu kuma ya zama zakaran duniya a dogon wasa. Magnus Carlsen ya haɗa kambu uku a 2014, na dogon wasa da na matsakaici da na gaggawa, kuma a 2018 da shi da Fabiano Caruana suka yi canjaras a dogon wasa 12 na neman kambun duniya a Landan, wasan matsakaicin sauri ne ya raba gardamar. Dogon wasa ma sau da yawa yakan ƙare agogo yana kora, wanda bai saba yanke shawara cikin daƙiƙa 30 ba sai ya ruɗe. Ni da wasan gaggawa nake gwada sabuwar hanyar buɗe wasa, in buga ta sau ashirin a dare ɗaya in ga inda take da rauni.

Dattijon ya ƙara da cewa:

Gaskiyarka, ɗana, amma waɗanda ka ambata rumbunsu ya cika tun suna yara. Ka dubi Gukesh na Indiya, da ya doke Ding Liren a Singafo a Disamban 2024 ya zama zakaran duniya yana da shekara 18. A dogon wasa ya yi fice kafin saurinsa ya kai na takwarorinsa.

Amsar wata 'yar'uwa:

Malam mai tambaya, awa ɗayan nan da ka bari a agogo ita ce ciwon, kuma ni ma na yi fama da irinsa. Abin da ya taimake ni shi ne na koma wasan minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10, na kuma ɗora wa kaina doka cewa ba zan taɓa ɗan dara ba sai na tambayi kaina me abokin karawa yake nufi da motsinsa na ƙarshe, sannan na auna aƙalla motsi biyu kafin in zaɓa. A kan allo nakan haɗe hannuwana a ƙarƙashin tebur, domin dokar gasa ita ce abin da ka taɓa shi za ka motsa. Bayan kowane wasa ina binsa da kaina tukuna, in gano inda na yi kuskure, kafin in tambayi kwamfuta. Ban daina na gaggawa ba, amma ba na wuce biyar a rana, kuma mako guda kafin gasa ba na taɓa shi sam.

Mai tambaya:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Yau da dare zan fara da bin wasa na ukun nan, tunda takardar da na rubuta motse-motsen tana hannuna, sannan in kawo muku shi ku duba mini inda ya kamata in tsaya in yi tunani.