Haya ce, ba saye ba: neman sunan wata sabuwar sana'a

1/ Ɗan yayana ya kama ɗan shago, ya zo min da takardar da zai kai wa mai rubuta allo. A jiki ya rubuta "Ana sayar da sofwaya." Na ce masa ya dakata tukuna, domin abin da zai yi ba sayarwa ba ne. Tun ranar nake juya maganar a raina. Ga inda na tsaya, masana harshe da 'yan kasuwa ku gyara min in na karkace.

2/ Ga yadda sana'ar take. Ya biya wani kamfani kuɗin lasisin manhajar lissafin shago, ya ɗora ta a kan saba, wato kwamfutar da ake shiga ta intanet, wadda ita ma yake biyan kuɗinta duk wata, sai ya ware wa kowane mai shago nasa gurbin a ciki. Mai kemis, mai kayan masarufi, mai sayar da siminti, kowa ya shiga da wayarsa ya ga abin da ya shigo da abin da ya fita, ƙarshen wata ya biya. Wanda ya daina biya, a rufe masa.

3/ Ina zaune a shagon sai wani Alhaji mai atamfa ya shigo. Yaron ya yi ta bayani yana nuna masa fuskar kwamfuta, Alhaji yana gyaɗa kai da carbi a hannu. Da ya gama sai ya ce, "To yaro, in na biya, ta zama tawa?" Ya ce, "A'a Alhaji, wata-wata ne." Alhaji ya ce, "Ashe haya ce. Me ya hana ka ce haya tun farko?" Abin da muka kwana uku muna nema, ɗan kasuwa ya fitar da shi a numfashi ɗaya.

4/ Kalmar manhaja, wato sofwaya, ba ta da rigima. Daga Larabci muka samo ta, da can tsarin karatun makaranta take nufi, sai kafafen yaɗa labarai suka ɗora mata sabon kaya kuma ta ɗauka. Lasisi ma ya daɗe da zama ɗan gida, kowane direba ya san shi.

5/ Inda aikin yake shi ne fi'ilin. Hausa ba ta wasa da bambancin yadda abu ke shiga hannun mutum. Aro, ka karɓa kyauta ka mayar da shi kansa abin. Rance, ka kashe ka mayar da kwatankwacinsa. Jingina, ka ajiye abu a riƙe har ka biya. Saye, ya zama naka, in ka ga dama ka sayar, in ka mutu a gada. Babu ɗaya da ya hau kan wannan sana'a. Haya kaɗai ta hau: ka biya kuɗi sananne, ka mori abu zuwa lokaci sananne, abin kuma yana nan na mai shi. Malaman fiƙihu sun riga mu nan, abin da suke kira ijara ke nan, sayen amfanin abu ba abin ba, Malikiyya kuma su ce kira'i idan gida ne ko dabba. Wanda zai ce haya ai daga Turanci aka aro ta, gaskiyarsa. Amma kalmar da ta haifi gidan haya, motar haya da keken haya ta wuce a tambaye ta asalinta.

6/ Wani abokina malamin kwamfuta ya yi min gardama mai ma'ana. Ya ce keken haya in yaro ɗaya ya hau, sauran sai su jira ya dawo, manhaja kuwa mutum ɗari na cikinta lokaci guda. Na ce to a dube ta a matsayin gida mai ɗakuna da yawa. Rufi ɗaya, rijiya ɗaya, amma kowa da ɗakinsa da makullinsa, kuma maƙwabci ba ya ganin abin da ke cikin akwatinka. Wannan ya sa nake son mu riƙa cewa masauki ga inda ake ajiye manhajar, maimakon hostin da yara ke faɗa.

7/ Kalmar ba ta ɗan yayana kaɗai ba ce. Kamfanin manhaja na Salesforce ya fara da wannan tsari tun 1999. Microsoft ya fito da Office 365, manhajar aikin ofis ta biya wata-wata ko shekara, a 2011. A 2013 kamfanin Adobe ya daina fitar da sabon Photoshop, manhajar gyaran hoto, na saye, ya koma biyan wata ko shekara. Duk mai zanen katin biki da ke biyan Adobe yau ɗan haya ne, ko da yana cewa ya saya.

8/ Nan ne nake so a tsaya, domin kalmar da ta dace tana tona haɗarin sana'ar. Da zarar ka ce haya, Bahaushe zai tambaya: wa ke da gidan? Yaron nan ba shi ya ƙirƙiri manhajar ba, shi ma izini aka ba shi. Kuma ɗan haya ba ya saka wani ɗan haya ya riƙa karɓar kuɗi sai da yardar mai gida. Galibin lasisin da ake sayar wa mutum na amfanin kansa ne, sharuɗɗan sun hana a ba wani haya. Amurka ta yi doka a 1990 da ta hana ba da hayar manhaja ba da izinin mai haƙƙinta ba. A Najeriya, dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta sanya manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu da take karewa. Shi ya sa Microsoft ke da wata yarjejeniya daban, SPLA, ta masu ba wa wasu haya, su ma wata-wata suke biya. Saboda haka kalma ɗaya ba ta isa ba, a raba: lasisin amfani daban, lasisin ba da haya daban. Na sa yaron ya buɗe takardar yarjejeniyarsa muka bi ta layi-layi, sai da muka ga inda aka yarje masa ya saka wasu kafin hankalina ya kwanta.

9/ Akwai manhajar da ba sai ka nemi wannan izini ba, wadda ke ƙarƙashin lasisin GPL da masanin kwamfuta Richard Stallman ya fitar a 1989, irin su WordPress ta gina shafin intanet. Mai ita ya riga ya buɗe ƙofa. A nan kuɗin masauki da na kulawa kake karɓa, kuma ya kamata ka faɗa wa mutane haka.

10/ Saura sunan mai sana'ar. An ba ni shawarar dillalin manhaja, ban yarda ba. Dillali la'ada yake ci, in kaya suka kwana ba a aljihunsa asarar take ba. Wannan kuwa ko ba wanda ya shigo, ƙarshen wata sai ya biya lasisi da saba. Ya fi kama da mai hayar kujeru da rumfar biki. Don haka mai hayar manhaja, abokin cinikinsa kuma ɗan haya.

11/ Jiya aka ɗaura allon. An rubuta "Hayar manhajar lissafin shago, biya wata-wata." Abin da ya rage mana shi ne layin ƙasa: yana so ya sanar cewa in ɗan haya ya tashi, za a ba shi duk lissafinsa ya tafi da shi. Ni na ce a rubuta "In ka tashi, ka tafi da littafinka." Shi yana ganin "bayananka" ya fi. Wanne kuka gani?