Mu soke gasar sikwash ta makarantun sakandare ko mu ɗage ta?

Malamin wasanni:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina cikin kwamitin da ke shirya gasar sikwash (wasan da mutum biyu ke buga ƙwallo da raket a jikin bango cikin rufaffen ɗaki) ta ƙasa ta makarantun sakandare, saura mako shida a fara. Sai rufin cibiyar da za a yi wasan ya yi yoyo, ruwa ya kwanta a ɗakuna huɗu cikin shida, katakon ƙasan duk ya kumbura. Masu gyara sun ce ba za su gama kafin ranar ba. Ƙungiyoyi 16 ne suka yi rajista, kowacce da 'yan wasa 5, kuma duk sun biya kuɗin shiga. Kan kwamiti ya rabu: wasu na cewa a soke sai baɗi, wasu na cewa a ɗage. Ɗagewar kuma za ta jefa mu cikin lokacin jarrabawar ƙarshe. Jibi za mu zauna. Don Allah me kuke gani?

Tsohon alƙalin wasa:
Wa alaikumus salam Malam. Abu na farko, kada kowa ya lallashe ku ku sa yara a ɗakunan da suka sha ruwa, ko da an goge sun bushe a ido. Ɗakin sikwash mita 9.75 ne a tsaye, 6.4 a faɗi, mutum biyu na gudu suna tsayawa cak suna miƙa ƙafa gaba. Katako ɗaya ya ɗago, gwiwa ko idon sawu ya tafi.

Amma ban ga dalilin sokewa ba, tunda kuna da ɗakuna biyu lafiyayyu. Ku yi lissafi. Idan za a buga don tantance matsayin kowa daga na 1 zuwa na 16, kowace ƙungiya za ta yi karawa 4, jimilla karawa 32, kowace karawa wasa 5, wato wasa 160. Wannan kam ɗaki biyu ba zai ɗauka ba. Idan kuwa aka koma tsarin wanda aka doke ya fita, karawa 15 ce kawai, wasa 75. Ku mayar da wasa ya zama wanda ya fara cin zagaye biyu cikin uku, maimakon uku cikin biyar da aka saba, maki 11 na kowane zagaye na nan yadda yake. In aka ba kowane wasa rabin awa har da ɗumama ƙwallo, ɗaki biyu a awa goma za su ci wasa 40 a rana. Kwana biyu an gama.

Mahaifiyar 'yar wasa:
Baba alƙali, lissafinka ya fita, amma ka manta da mu iyaye. In kwaso yarinya mu yi doguwar tafiya, a doke ta cikin minti ashirin, shi ke nan mu juyo? Rabin ƙungiyoyin fa haka za ta same su.

Tsohon alƙalin wasa:
Gaskiyarki Hajiya. Sai a haɗa wa takwas ɗin da aka fitar a zagayen farko tasu ƙaramar gasar, dama an saba yin haka a sikwash. Karawa 7 ce, wasa 35. Jimilla 110, a ƙara kwana ɗaya. Kowa ya buga aƙalla sau biyu.

Koci a wata makaranta:
Ni abin da ke damuna masu cewa "sai baɗi". Baɗin wa? Ɗan ajin ƙarshe ba shi da baɗi a gasar makarantu. Mun ga haka lokacin korona: ba a yi gasar matasa ta duniya ba a 2020 da 2021, sai 2022 aka dawo da ita a birnin Nancy na Faransa. Gasar ta 'yan ƙasa da shekara 19 ce, don haka duk wanda shekarunsa suka wuce a tsakanin nan ya rasa ta har abada. Waccan annoba ce, ba yadda za a yi, mutum biyu na haki a rufaffen ɗaki. Taku kuwa matsalar katako ce. Kuma ku tuna a 2023 aka amince sikwash ya shiga Olamfik na 2028 a Los Angeles, yara sun ji, zuciyarsu ta tashi. Yanzu ne za a ce musu su rataye raket? Da babu gara ba daɗi.

Ɗagewa kuma ni ban yarda da ita ba. Shugaban makaranta ba zai saki ɗalibi yana tsakiyar jarrabawa ba, kuma yana da gaskiya. A ƙarshe waɗanda kuke so ku ceta su ne ba za su zo ba.

Akanta:
Ban san wasan ba, amma na san rigimar kuɗi. Malam, kafin zaman jibi ka ɗauko yarjejeniyar da kuka yi da masu cibiyar ka karanta. Ɗaki shida kuka biya, biyu za ku samu, dole su rage ko su maido. Sannan duk abin da kuka yanke, ku rubuta wa makarantu a rana guda, a takarda guda, kada su tsinta a bakin wani. Ku faɗi dalili ƙarara, ku ba duk ƙungiyar da ba ta gamsu da sabon tsarin ba damar janyewa ta karɓi kuɗinta cikakke, tare da ranar da za a biya. Iyaye kan haƙura da canji. Shiru ne ba sa yafewa, musamman wanda ya riga ya kama masauki.

Mahaifiyar 'yar wasa:
Wannan haka yake. Mu dai a faɗa mana da wuri. Kuma Malam, kun nemi wata jami'a ko kulob da ke da ɗakuna kusa da ku? Ko 'yan mata su buga can, maza nan.

Malamin wasanni:
Allah ya saka da alheri. Akwai kulob mai ɗaki biyu ba nisa, gobe da safe zan je. In sun yarda, ɗaki huɗu ke nan, wataƙila ma mu bar uku cikin biyar daga kusa da na ƙarshe. Damuwata yanzu alƙalai, don waɗanda muka tanada wuri guda muka shirya su zauna. Baba, in muka raba wuri biyu, mutum nawa kake ganin za su ishe mu?

Tsohon alƙalin wasa:
Ƙwararre ɗaya a kowace cibiya yana sa ido, sauran wasannin farko yaran da suka gama nasu su riƙe maki, haka ake yi a gasannin matasa da yawa. Ka dai tabbatar ba ɗan makarantar da ke bugawa ba ne, kuma kowa ya sa tabaran kare ido kafin ya shiga.