Neman kalma: me za mu kira maganin masu bawul ɗin zuciya na ƙarfe?

Assalamu alaikum. Ina aiki a ƙaramin asibitin wani ƙauye ta wajen Birnin Kudu, kuma kalmomi biyu sun hana ni sakat.

Akwai wata baiwar Allah da aka yi wa aikin zuciya a Sudan, aka sa mata abin nan na ƙarfe mai buɗewa da rufewa. In ɗaki ya yi tsit kana jin sa, ƙas-ƙas kamar agogon bango. Warfarin take sha kullum don kada jini ya daskare a kan ƙarfen, tana zuwa Kano awon INR, wato awon da ke nuna saurin daskarewar jini. Makon jiya mijinta ya shigo da kwali, wai mai kemis ya ce sabon "maganin tsinka jini" ne, ba awo, ba zirga-zirga. Rivaroxaban ne. Allah Ya rufa asiri ba ta fara sha ba. Na ga laifin mai kemis, amma na fi ganin na kalmar, tunda har aspirin haka muke kiran sa. To me za mu kira abin, me za mu kira maganin?

Mai gyaran injin ban-ruwa: Malam, ta farko ai a tafin hannu take. Bawul muke cewa, ruwa ya wuce ya hana shi komowa. Ko mai faci ya san shi.

Malamin firamare: Ni "ƙyauren zuciya" ya fi min daɗi. Ƙyaure na buɗewa, yana rufewa, kuma tsohuwa za ta gane ba sai an kai ta gareji ba.

Wata ungozoma: Ɗana, ko me za ku zaɓa, ku raba mu da "tsinka jini". A wajenmu mata, in an ce jini ya tsinke, to haihuwa ta zo da gardama ke nan. Wa za ta haɗiyi ƙwayar da ke da wannan suna? Na ji wani ya ce "hana gudan jini". Wannan ma ya fi muni. Gudan jini ai mafarin ɗan Adam ne, tun a tafsiri muke ji. Kafin la'asar gari ya ɗauka maganin hana haihuwa kuke rabawa.

Likita: Hajiya ta yi gaskiya, kuma dama maganin ba ya mayar da jini ruwa-ruwa kamar kunu. Jinkirta daskarewa yake yi. Abin da ya fi damuna shi ne a raba tsoho da sabo. A 2013 an buga sakamakon gwajin dabigatran a kan mutum 252 masu bawul na ƙarfe, an tsayar da shi tun bai ƙare ba, don shanyewar ɓarin jiki da zubar jini duk sun fi yawa a kan na masu warfarin. An gwada apixaban, shi ma aka tsayar a 2022; su biyun sababbi ne irin rivaroxaban. Amma masu bawul na naman dabba, na saniya ko alade, hukuncinsu daban: gwajin Brazil na 2020, mutum 1,005 masu bugun zuciya marar tsari, ya nuna rivaroxaban bai gaza warfarin ba. Sababbin ba na banza ba ne, da ƙarfe ne ba sa shiri.

Mai tambaya: Na gode, ranka ya daɗe. To ga inda na tsaya, mai gyara ya gyara. A takarda zan rubuta bawul, tunda ya riga ya zama ɗan gari, a baki kuma in ce ƙyaure. Malam ka yi haƙuri, rabi ka samu. Maganin duka "hana-daskare". Warfarin "hana-daskare mai awo", sababbin "marar awo". Ya ɗan yi tsawo, na sani, amma awon shi ne abin da mutane ke gudu, gara ya zauna a cikin sunan.

Ungozoma: Ka kuma gaya mata zancen zogale da alayyahu. Ba haramta su aka yi ba, kada dai ta ci tuli yau gobe ta daina, awon ya rikice. In ta samu ciki kuma ta zo da wuri.

Mai tambaya: In sha Allahu, Hajiya. Na riga na rubuta a bayan katinta da jan biro: ƙyauren ƙarfe, mai awo kaɗai. Kwalin kuma mijin ya mayar, yana can suna ja-in-ja a kan kuɗinsa.